Barden Da Kaji Suka Kayar

Ban taɓa zaton cewa bayan na shafe shekara talatin ina karantar da tarihi, ina ba yara labarin barade da 'yan lifidi da yadda ake yi wa birni ƙawanya, wata rana jikana, wanda ko izu biyar bai haɗa ba, zai zaunar da ni bisa tabarma ya koya mini yaƙi ba. Sababin al'amarin kuwa wata 'yar na'ura ce mai suna Nintendo Switch da ubansa ya kawo masa tsaraba, wadda na yi kwana uku ina wa'azi a kanta, a rana ta huɗu na ce ya miƙo in ga ɓarnar da idona, domin ba a yanke hukunci sai da tahƙiƙi.

Sunan wasan Hyrule Warriors. Ya fara fitowa a 2014, kuma reshe ne na tsohon wasan nan na Zelda da aka soma a Japan tun 1986, sai dai a na asalin, jarumin shi kaɗai yake shiga koguna yana warware mas'aloli masu wuya, a nan kuwa mutanen Koei Tecmo, waɗanda suka shahara da Dynasty Warriors na yaƙe-yaƙen daulolin Sin uku, sun ajiye mas'alolin gefe, sun cika fage da dubban maƙiya, sun ce bismilla. Jafanawa na kiran irin wannan wasa muso, wato marar na biyu, kuma wallahi sunan ya dace da abin da na ɗauki kaina.

Aka ba ni wani saurayi Link, mai koren kaya da hula mai jela, na danna maɓalli ɗaya, sai ga wasu 'yan halittu masu kama da ƙananan aljanu sun tashi sama su ashirin kamar an sheƙe ƙaiƙayi. A gefen allo akwai lissafin waɗanda mutum ya kayar, kuma tun da idona ya faɗa kansa ujubu ya shige ni. Ɗari uku, ɗari bakwai, ina gyara zama ina kirari, alhali wasu rubuce-rubuce na ta giftawa a ƙasa, yaron kuma na ta jan hannun rigata.

"Alhaji, sansaninka ake ci!"

Na ce, "Rufe mini baki, kai ɗan jiya. Barde ba ya waiwaye."

Ina cika dubu ke nan sai kiɗa ya sauya, aka shelanta cewa an ci mu da yaƙi. Ashe ƙa'idar ita ce, fagen a rarrabe yake gida-gida kamar ƙananan ganuwoyi, wanda ka ƙwace sai ya riƙa fito maka da dakaru, kuma ko mutum nawa ka kashe, in babban sansaninka ya faɗi to ka faɗi. Wato ainihin darasin da na sha dukan allo a kansa a aji, shi ɗan shekara goma ya maimaita mini yana riƙe ciki.

Kashegari na dawo da tawali'u. Na tsare sansani, na bi taswira, har wani ƙaton dodo da ake kira Dodongo na kashe shi ta hanyar jefa masa bom a baki lokacin da ya hangame, bisa fatawar malamina. Ganin na ƙware sai ya kai ni wani fagen daban, inda ina tsakiyar sara wata farar kaza ta riƙa bina tana shiga tsakanin ƙafafuna. Yaron ya ce, "Don Allah Alhaji kada ka taɓa ta." Ni kuwa na yi ƙiyasi cewa wanda ya gama da dodo ba ya shawara a kan kaza, na kai mata sara, na ƙara, na kuma ƙarawa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa karanta irinsa a littafin tarihi ba. Ta yi ƙara ɗaya, sai danginta suka sauko ta kowace kusurwa suna neman ƙisasi, ba sa jin takobi, ba sa karɓar diyya, na gudu suna bina, na juyo suna tsattsaga, har barden da ya kashe dubu ya kwanta a gaban abin da ake yanka wa baƙo. Daga baya na ji cewa wannan ramuwar kaji tsohuwar al'ada ce a Zelda tun 1991, kowane yaro ya san ta.

Uwargida, wadda ashe tana bakin ƙofa tun ɗazu, ba ta ce uffan ba. Sai da la'asar, na fito alwala da buta, na tarar da kazarta mai 'yan tsaki ta tare hanya, na ɗan ratse ta bayan turmi, sannan na ji muryarta daga madafa.

"Malam, a kira maka yaron ya raka ka?"