Zuwa ga Bawana na Gazara, Kafin Ya Sayi Ram

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Labari ya iso mu Kano cewa an sare rake, dillalan Makarfi sun biya, kuma ka rantse sai kwamfutar shagonka ta fi ta kowa daga Gazara har Ikara. An ce ka miƙe a majalisa bayan la'asar kana shelar giga 32 za ka saka mata, sanda ɗaya tilo, wai don a san an zo wurin. Shi ya sa na yi hanzarin rubuto maka, kada gumin shekara guda ya ƙare a cikin durowar tebur.

Kafin maganar giga, wane irin ram kwamfutar taka take ci? Na tabbata ba ka duba ba. Ku Zage-zagi tun 1962 kuke mana tinƙaho da Jami'ar Ahmadu Bello, amma a ce ku kwance sukurori biyu ku leƙa cikin injin, sai ku ce a jira yaro ya dawo daga makaranta. Ram iri-iri ne. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shiga kasuwa sosai a ƙarshen 2021, kuma babu wanda yake zama a gurbin wani. Sandar DDR3 ta kwamfutar tebur haƙora 240 gare ta, ta DDR4 kuma 288. DDR5 ma 288 ne, sai dai an matsar da 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran, da gangan, saboda masu hali irin naku, waɗanda in abu ya ƙi shiga sai su ce taurin kai ne, su danna da ƙarfi. Ka danna, ka karya gurbi, ka koma neman sabon bod. Na laftof kuwa gajeru ne, ba su da alaƙa da taka.

Zare sandar da ke ciki ka karanta 'yar farar takardar da aka manna mata. Za ka ga rubutu kamar 8GB PC4-2666V-U. PC4 shi ne DDR4, PC3 kuma DDR3. Lambar 2666 gudunta ke nan. Harafin ƙarshe, wanda ke bayan ɗan layin, ka kula da shi ƙwarai: U ta kwamfutar tebur ce, S ta laftof, R kuwa ta manyan injinan saba ce. Irin masu R ɗin nan sun cika kasuwar gwanjo, ga girma ga araha, kuma su ne daidai abin da zai ɗauki idon mai neman giga 32 a kuɗin goro. Ka kai ta gida, ka kunna, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Araha ba ta ado, bawana.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Furosesar kwamfutocin gida da na ofis hanya biyu take da su zuwa ga ram, kowace tana ɗaukar bit 64 a lokaci guda. In ka saka sanda ɗaya, komai girmanta, hanya ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana zaune. DDR4 mai gudun 3200 yana iya kwaso giga 25.6 a daƙiƙa ta hanya ɗaya. In sanduna biyu ne, kowace a hanyarta, ya zama 51.2. Kai da ka tashi a bayan garma bai kamata Bakano ya koya maka wannan ba. Ka taɓa ganin wanda ya sayar da shanun huɗa biyu ya sayi ƙaton bijimi ɗaya ya ɗaura masa karkiya shi kaɗai? Kuma in an haɗa mai sauri da mai nawa, ai tafiyar mai nawa ake yi. Haka ram yake: ka haɗa 3200 da 2400, duka su koma 2400. Don haka giga 8 biyu, kamfani ɗaya, gudu ɗaya, sun fi giga 16 tilo.

Ba na ce komai zai ninka ba. Wasiƙar neman aiki da kake buga wa mutane ba za ta san an yi canji ba. Inda za ka ga bambanci shi ne hoto. Kwamfutarka ba ta da katin hoto na daban, wanda ke cikin furosesa ne yake aron ram ɗin injin yana aiki da shi. Katin ɗaurin aure da kake zanawa a CorelDraw, mai furanni da hoton ango ya cika rabin shafi, da bidiyon kamu da ake kawo maka ka yanka, a nan hanya biyu take nuna kanta.

Sai batun yawa. Me kake yi da injin nan? Fasfo, katin suna, furojet na ɗaliban kiwon lafiya na Makarfi, da shafukan intanet da kake buɗewa ka manta ka rufe. Windows 11 giga 4 ta sa a matsayin mafi ƙaranci, amma wannan na a rufa asiri ne. Giga 8 yana aiki, 16 kuwa ka wala. Abin da ya haura haka a shagonka zama kawai zai yi, ba zai ƙara wa firinta sauri ba. Kuma kowane bod yana da iyakar abin da gurbi ɗaya yake ɗauka. In DDR3 ce taka, da wuya ka ga sandar da ta wuce giga 8, kuma yawancin na farkon zamanin DDR4 a 16 suke tsayawa. In ma Windows ɗinka mai bit 32 ce, ko ka tula mata nawa, ba ta amfani da fiye da giga 4.

Hujja ɗaya ta sayen sanda tilo zan yarje maka. Idan gurbi biyu kacal bod ɗin yake da su, kuma da gaske kana nufin kaiwa 32, to ka sayi 16 yanzu, baɗi ka ƙaro 'yar'uwarta. Amma na san baɗin Bazazzagi. Kuma ram ba ya jiran kowa: kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, suke ƙera mafi yawan ƙwayoyinsa a duniya, kuma a ƙarshen 2025 farashi ya yi tashin gwauron zabo saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe kayan.

Nawar da kwamfutar take yi da safe kuwa, har ka sha koko ka dawo ba ta gama tashi ba, wannan laifin tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Ka canza shi da SSD. Aikin da ke ɓacewa in an ɗauke wuta ma ba ƙarancin giga ba ne. Ram ba ya riƙe komai in babu lantarki, ko da 64 ka saka. Rarar kuɗin raken ka sayi UPS da ita.

Wajen sakawa, zare wayar wuta daga soket, ka taɓa ƙarfen akwatin tukun, musamman da hunturu, lokacin da ko bargo ka taɓa sai ya yi ƙyas. Riƙe sandar ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. In gurbi huɗu ne, kada ka jera su kusa da juna. Galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake cikawa, ko kuma masu launi ɗaya. Danna har ka ji ƙat, maƙallan sun kama. Bayan ta tashi, latsa Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba sashen ram, zai nuna maka gudu da yawan gurbin da ke aiki.

Wurin saye, PZ a Sabon Garin Zariya ta fi maka kusa, amma in kana son zaɓi ka taho titin Bairut a nan Kano, mu nuna maka yadda ake ciniki. Ka ɗauko injin gaba ɗaya a gwada a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. In kuwa nauyi ya hana ka, sai tsohuwar sandar kaɗai za ka kawo, to don Allah a naɗe ta a takarda. Kada ka jefa ta aljihu ɗaya da goro da makullin babur, ka iso Kano ka ce mu muka lalata ta.