Kantin Aji Uku

Littafin lissafin da nake koyar da 'yan aji uku da shi ya girme su duka, kuma har gobe a cikinsa da kwabo ake ciniki. Tun 1973 da naira ta karɓi fam kwabon nan yake zaune a manhaja, alhali yaron yau ko a adakar kakarsa bai taɓa ganinsa ba. Duk ranar da na karanta musu cewa wani ya sayi lemo kwabo 50, sai aji ya kaure: "Malam, a wace kasuwa?"

Da hedimasta ya sanar da mu cewa sufeto zai zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sai karatun NCE ya motsa mini. An koya mana a kwaleji cewa yaro ya fi gane abin da ya gani ya taɓa. Na ce to, kanti zan buɗe a cikin aji. Wata ya yi nisa, amma na daure na sayo ƙullin gyaɗa da ƙuli-ƙuli da alewa, na jera a kan teburina, na bi masu shayi na haɗo canji: 'yan Murtala, 'yan hamsin, 'yan ɗari. Da farko takarda na yanka na rubuta lambobi a kai, suka ce su ba sa karɓar jabu.

Monita na yi niyyar ɗorawa a kan kantin, don shi ke zuwa na ɗaya. Aji ya ƙi. "Malam, a sa waccan, ita ke tallan gyaɗa a tasha." Wata 'yar ficiciya ce a bencin baya, wadda in na ba da aikin ɗebewa takan miƙo mini littafinta fari tas, sai kwanan wata. Sufeto ya riga ya shigo da babbar rigarsa da fayil, ya zauna a kujerata. Ba halin gardama.

Ta zo ta gyara hijabi, ta rushe jerin da na yi, ta tura manyan ƙulli gaba ta ɓoye ƙanana a baya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi allo inda na rubuta gyaɗa naira 20.

"Malam, wannan kuɗin da ne. Hamsin ne yanzu, mai ya yi tsada."

Na yi tari na dubi sufeto, na ga yana gyaɗa kai, da alama shi ma tun da aka cire tallafin mai a 2023 bai koma daidai ba. Na goge allo.

Mai saye na farko ya miƙa ɗari ya ɗauki ƙulli ɗaya. A tsarin darasina, nan ne za mu yi 100 a cire 50. Ita kuwa ta ce, "Babu canji, ɗauki alewa biyu." Canjin da na sha rana na haɗo yana ƙulle a bakin hijabinta, ina kallon tudunsa. Kafin in yi magana, wani yaro a lungu ya ɗaga dasta ya ce, "Akwai canji a nan, amma da caji." Yayansa ne ke POS a ƙarƙashin lema a bakin titi. Nan take ya buɗe reshe, yana danna dastar da yatsa yana cewa netwok ya ɗauke, a ɗan jira.

Sai kuma 'yan bashi suka yi layi. Kowa ya ɗauka sai ya ce, "Rubuta, Malam zai biya." Ba ta iya rubutu sosai ba, saboda haka ba ta rubuta ba. Kallo ɗaya take yi wa mutum, shi ke nan ya shiga.

Sufeto ya miƙe ya zaro dubu ɗaya. Ya ɗauki gyaɗa uku, ƙuli-ƙuli na ɗari biyu, alewa biyu. Ta ɗaga takardar ta haska ta taga, ta murza ta, ta ce, "Baba, kuɗinka ɗari huɗu, ga ɗari shida." Lokacin hannunsa bai gama lalubo wayar da zai buga lissafin ba. Ya yi murmushi ya miƙa mata alli ya ce ta yi abin da ta yi yanzu a allo. Ta rubuta 1000, ta sa 400 a ƙasa, ta ja layi, ta tsaya tana kallon sifilin nan uku kamar baƙin da ba ta san daga inda suka zo ba.

Na matsa kusa na ce, "Ai yanzu kika yi shi. Baba ya ba ki dubu..."

"Wancan ai canji ne, Malam. Wannan kuma lissafi ne."

Sufeto ya daɗe yana rubutu a fayil. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga yaran bencin baya da nake sa wa jan biro duk zango, masu tallan awara da ruwan leda da goro, waɗanda ba wanda ya taɓa cutarsu da ko naira biyar a tasha. Tun daga ranar, in zan ba su ɗebewa sai in fara da "wani ya ba ka dubu", sai ka ga hannuwa sama daga inda da ba a ɗagawa.

Bayan an tashi tara ta zo ta kwance bakin hijabi ta ƙirga mini uwar kuɗina. Na ce ina riba? Ta ce riba ta mai talla ce, haka Innarta take yi mata. Sannan ta jero mini sunayen waɗanda suka ci bashi da sunana, da abin da kowa ya ɗauka, har da monita da ya yi zuwa biyu. Mai POS ma yana bakin ƙofa yana jiran cajinsa.

Washegari wata uwa ta aiko 'yarta da faranti cike da awara, wai a gaishe da Malam, a kuma tambaye shi ko kantin nasa yana karɓar sari.