Mai Kaza a Aljihu a Hanyar Akinyele

Amurkawa suna da wata damuwa irin ta ƙoshi. Mutum ne zai soke ƙaramar bindiga a ƙugu, lasisinta na aljihu, ya taka mota har ɗan sanda ya kunna masa jiniya, sannan ya zauna a bakin titi yana saƙa da warwara: in gaya masa ina ɗauke da ita, ko in yi gum? Jihohinsu ma kansu ya rabu. A Mishigan da Karolina ta Arewa dole ka faɗa tun ba a tambaye ka ba, ita kuwa Ohayo ta sassauta a 2022, sai in jami'in ya tambaya. Na ɗauko wannan tambaya na ajiye ta a kan hanyar da ta tashi daga Ojoo ta ratsa Moniya da Akinyele ta miƙe Oyo, wadda shanunmu da albasarmu da tattasanmu ke gangarowa ta kanta zuwa Badun, sai na ga ta canza kama. A nan, kafin a kai ga faɗa ko shiru, akwai maganar da ta riga su. Duk wanda ya sa bindiga a mota, komai kyan takardarsa, ya riga ya sayar da damarsa ta yin gudu. Shi ya kamata ya zama direban da har tirela ke yi wa ham tana wuce shi.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, kamar da gangan aka tsara ta don ta yi wa masu son ɓoye bindiga dariya. Ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba, wato waɗanda za su shige ƙarƙashin babbar riga ba a sani ba, ta jefa su a sahu ɗaya da igwa da mashinga, ta ce haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, harba-ka-ruga, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta-cewa a kanta. To ka gani: wadda ke ɓoyuwa ba za a ba ka ba, wadda za a ba ka kuwa ta kusa tsawon taɓarya, ko malum-malum ka sa sai bakinta ya leƙo yana gaida jama'a. Ko ita ɗin ma an rufe ƙofarta a watan Agustan 2023, lokacin da Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin. Wanda aka kama da bindiga ba takarda, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar masa tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka. Saboda haka mai lasisi a ƙasar nan baƙon tsuntsu ne, kuma jami'in da ke bakin hanya zai iya shekara da shekaru yana aiki bai riƙe takardar a hannunsa ba.

Matsalar mutanenmu ita ce suna yi wa lasisi kallon laya. Mun taso cikin labarin baduhu da layar zana da sagau, abubuwan da ake cewa in ka ɗaura su idon abokin gaba ya rufe ko hannunsa ya sage. Da takarda mai hatimi ta zo, sai aka sa ta a sahun guraye. Alhali laya, in ma tana ci, ba ta buƙatar abokin karawarka ya yarda da ita. Takarda kuwa ba ta da wani ƙarfi sai wanda mai karanta ta ya ba ta, kuma mai karatun nan mutum ne da ya yini a rana, wanda tsayar da kai da ya yi ma dalilinsa shi ne ya ga kana tuƙi kamar an biyo ka. Dokar makaman da kanta ta ce ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mai halin rashin kamewa. Na san mashaya aka fi nufi da wannan na ƙarshen. Amma dattijon da ya zuba kilomita 130 a awa da bindiga a but, ya wuce allon gargaɗi bai gani ba, ya fara tara wa kansa shaida a kan biyu daga cikin huɗun.

Mu ƙaddara ni ne, don kada wani ya ce da shi nake. Mu ce ni dillalin shanu ne, gidana a Sabo, unguwar da kakanninmu masu fataucin goro da shanu suka kafa tun 1916, kasuwata kuma kara ta Akinyele. An bugo mini waya cewa tirela ta iso daga Arewa, akwai wani bijimi da mahauta uku ke zawarci. Bindigata mai baki biyu tana but, naɗe cikin darduma, an ɗora mata buhun albasa. Na wuce Moniya ina tafe kamar iska, sai ga ɗan rod sefti ya ɗaga hannu. Na yi fakin, na sauke gilas, na haɗa masa gaisuwa biyu don neman sauƙi: "Yallaɓai, sannu da aiki, e ku ishe." Ya ce, "Alhaji, fatikula." Na zura hannu cikin ledar da nake tara duk wata takarda mai daraja, daga rasiɗin fili har katin asibitin uwargida, na zaro ta sama na miƙa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ja da baya taku uku, domin abin da na ba shi lasisin bindiga ne. Ko da Allah ya tsare ni daga wannan kuskure, tambayarsa ta gaba ita ce abin kashe gobara da safaya da alamar nan mai kusurwa uku, kuma dukansu suna but, maƙwabtan darduma. Ina zan ce masa albasa ce ta yi wannan doguwar siffa?

Abin dariyar shi ne wanda ya tsayar da ni ɗin ba ya ɗauke da komai sai biro da littafin tara. Wannan aiki nasu ma a Badun aka fara gwada shi: jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tun a ƙarshen shekarun 1970 da hannun Wole Soyinka a ciki, kafin gwamnatin Babangida ta kafa ta tarayya a 1988 ta ba shi shugabanci. Ɗan rod sefti mutum ne da aka horar don ya auna gudu ya duba taya, yau ga shi tsaye gaban wanda ya fi shi makami. Me ake so ya yi in ba ya kira 'yan sanda ba? Daga nan magana ta tashi daga laifin da ake biya a banki ta koma wadda ake rubuta wa bayani a caji ofis. A kuma lissafa ribar da aka nema. Ƙa'idar babbar hanya kilomita 100 ce ga ƙaramar mota, 90 ga motar haya, 60 ga tirela da tanka. Daga Badun zuwa Oyo kimanin kilomita 50 ne: mai tafiya a 100 zai yi minti 30, mai zuba 130 zai yi 23. Minti bakwai ke nan. Ni da zan tsaya a Akinyele ko rabin wannan ban samu ba, ko alwala mai kyau ba za ta ishe ni ba.

Za a ce mini ai gudun ma kariya ce, hanya ba lafiya, mai tafiyar hawainiya shi ɓarayi ke tarewa. Ban raina wannan magana ba, don direbobin da ke kwana tsakanin Jebba da Mokwa ba da wasa suke taka mota ba. Sai dai mai wannan hujja ya zaɓi ɗaya. In gudu ne maganin ɓarawo, bindigar ta mece ce? In kuwa bindiga ce, ai dalilin sayenta shi ne ka daina gudu. Sannan bindigar da ke ƙarƙashin buhun albasa, sai ka tsaya, ka fita, ka buɗe but, ka kwance darduma, ka lalubo harsashi a cikin safa, ban san ɗan fashin da zai yi maka wannan haƙuri ba. Dalilin da ya sa iyayenmu suka riƙa tafiya da makami shi ne kuɗin shanu da ake ɗaurawa a ciki da lalita. Yanzu har a kara ana ciniki da taransifa, ga masu POS a kowace rumfa. Abin da ya rage a motar da ya kai a yi kisa a kansa, sau da yawa bindigar ce da kanta.

Wani kuma zai ce to a yi shiru mana, wa ya aike ka tonon silili? Ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma jami'an hanya sun ƙware wajen gane mai kaza: yawan gaisuwa, gumi da sanyin safiya, ido na komawa but kamar an ajiye jariri. Bindigar da ka ambata da bakinka, hannuwanka a kan sitiyari, takarda na biye, tana da labari. Wadda aka bankaɗo bayan ka rantse albasa ce kawai, jami'i ne zai rubuta mata labarin. Ban ce faɗar gaskiya na tsare rai ba. A Yulin 2016, a jihar Minesota, Philando Castile ya gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, yana kuwa da izininta, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa, a 2017 kuma kotu ta sallami ɗan sandan. A ƙasar da tsarin mulkinta ya ba da 'yancin riƙe makami ke nan. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne tsayarwar kanta ce haɗarin, don haka hankali shi ne kada ka ba kowa dalilin ɗaga maka hannu.

Nan dariya take ɗan tsayawa, domin Bahaushe a Kudu ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da duk abin da aka ji a rediyo game da masu garkuwa. Mutanen Akinyele ba su manta Fabrairun 2021 ba, lokacin da saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwar Sasa ya zama gobara da asarar rayuka, har gwamnonin Arewa huɗu suka zo wurin Gwamna Seyi Makinde. A ƙarshen Maris 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar da ta ɗauko mafarauta masu komawa Kano yin salla, aka ga bindigogin farauta, taron jama'a ya kashe mutum 16. Masu cewa zalunci ne a zargi mutum saboda hularsa da harshensa, gaskiyarsu, kuma hukunta masu wannan aika-aika wajibi ne da ba ya jiran shawarar kowa. Amma hanyar nan ba mai kaki ɗaya ke tsaronta ba. Ga 'yan sanda, ga kwastan, ga hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, OYRTMA, ga rundunar tsaro ta Amotekun da aka ƙaddamar a nan Badun a Janairun 2020, ga 'yan sintirin ƙauye da ba su da littafin da za su duba lambar lasisi. Kowane shinge sabon mai karatu ne, wani ma bai iya karatun ba.

Saura masu cewa ai gwamnati da bakinta ta ce a kare kai. Haka ne, a Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, ba a kwana da yawa ba Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta ƙorafin an hana Amotekun manyan makamai. In gwamnoni masu jiniya da rakiya ba su gama sanin matsayin takardar ba, ni dillalin da muka ƙaddara ina zan tsaya in yi wa kofur lacca a kanta?

Mu koma mu same ni inda muka bar ni. La'asar ta yi, ina kan benci a wani caji ofis, bindiga na kan tebur an manna mata takarda, albasa na kusurwa ita ma ta zama shaida. Ba wanda ya zage ni, har ruwan leda aka ba ni. Lasisin ba jabu ba ne, amma hoton da ke kansa na wani saurayi ne marar gemu, kuma wanda zai tabbatar ni ne shi ya fita, sai gobe. An aika Sabo a kira dattijo mai tsaya mini. Waya ta yi ƙara, yarona ne daga kara: "Baba, an sallama bijimin tun azahar, wani ya karɓi la'ada." Takardar tarar gudu kuwa tana aljihun gaba, ita ba a ma fara maganarta ba.