Kowa da Wanda Yake Tura Wa

Mu a ƙasar Gumel, in dai maganar balagar yara ce, kowa da wanda yake tura wa. Uba ya ce aikin uwa ne. Uwa kuwa, wadda ko sunan 'yarta ta fari ba ta iya kamawa saboda alkunya, ta ce a bari goggonta ta zo. Goggo tana aure a Sule Tankarkar, sai biki ko suna take leƙowa. Malamar islamiyya ta ɗauka an riga an yi bayani a gida. Da haka yarinya za ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, ta ga jini karon farko, ta cusa zaninta ƙarƙashin katifa, ta kwana tana kuka don ta zaci mugun ciwo ne.

Abin da ya ta da zancen a majalisarmu shi ne 'yar telan unguwa, wadda ta dawo gida ta ce wata malama ta tara su, mata zalla, ta yi musu bayanin al'ada da tsabtar jiki, da yadda za su ce a'a in wani ya tare su a hanya.

"Ni fa ba don wannan na kai ta boko ba," in ji tela. "Lissafi da Turanci na ce a koya mata."

Malamin da ke ja mana salla ya ajiye carbi. "Alhaji, ka karanta Ahalari?"

"Na karanta, Allah gafarta Malam."

"To babin haila da ke ciki, don wa aka rubuta shi? Ishmawi da Risala duk sun faɗi abin da ke wajabta wanka. Yarinyar da ba ta san wannan ba, yaya za ta yi da sallarta da azuminta?"

Tela bai ba da kai nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tsoronsa yana da tushe. Tun 2003 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fito da darasin zaman iyali da kariya daga cutar ƙanjamau, iyaye da yawa a Arewa suka yi ta ɗari-ɗari da shi, don ba su san me ke ciki ba, ba kuma wanda ya zauna ya nuna musu. A 2022 ma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ce a cire darasin jima'i daga manhaja, a bar wa iyaye da malaman addini. Da kyau. Amma mu iyayen da aka bar wa, mun karɓa?

Ba mu karɓa ba. Waya ce ta karɓa. Yaro ɗan shekara 15 zai je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya yi jan akuya ko dako, ya tara kuɗinsa, ya sayi tsohuwar waya, a tura masa finafinai a shagon caji. Abin da muka ji nauyin faɗa masa cikin ladabi, can zai gan shi ba ladabi. A wurin abokai kuma zai ji cewa ƙwaya tana ƙara ƙarfin aiki lokacin yankan riɗi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma doka ba ta koya wa yaro yadda zai ƙi abin da babban abokinsa ya miƙo masa.

Can cikin gida, mata sun fi mu gane abin. Maƙwabciyarmu, wadda 'yan'uwanta suke wani ƙauye a Gagarawa, ta ce wa uwargidana: "Yaya, yarinya takan yi kwana huɗu ba ta je aji ba duk wata, mu ce zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Tsumma take amfani da shi, tana tsoron ya ɓata mata farin wando a gaban maza." Ta ce ko da aka zo rigakafin sankarar bakin mahaifa a 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, wasu sun ɓoye 'ya'yansu, don ba wanda ya taɓa gaya musu akwai irin wannan ciwon. Abin da ta nema bai da yawa: mace ta koyar da mata, da Hausa, a kuma sami ruwa da banɗaki mai ƙofa a makaranta. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Jigawa ta shiga, irin wannan zama yake shirya wa 'yan mata. Ga kuma Kwalejin Ilimi a nan Gumel tana yaye malamai 'yan ƙasa, waɗanda suka san inda kunyarmu ta tsaya.

Ni dai 'yan mazan ne suka fi tsaya mini a rai, don su ba su da ko goggon da za a jira. Wa ke gaya wa saurayi cewa mafarki ba cuta ba ne, wanka kawai ya hau kansa? Wa ke gaya masa ya san rukunin jininsa kafin soyayya ta yi nisa, kada AS ya auri AS a haifi mai sikila? Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024. Mu kuwa sau da yawa sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sannan a tuna da asibiti, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu.

Tela ya ce zai je taron iyaye da malamai ya nemi a nuna masa littafin da ake koyarwar da shi, ya karanta da idonsa. Malam ya ce su tafi tare, kuma zai tambayi shugaban makaranta ko akwai malami namiji da zai riƙa zama da samarin, ko da sau ɗaya ne a mako.