Dantsen Yaro Ma Aikinmu Ne

A fadarmu ta bayan tasha a Dogon Dutse, ba a sauke shayi na biyu ba maganar ta taso. Ɗan maƙwabcinmu aka kwantar a likita, tamowa ta cinye shi, uban kuma yana Kwatano cin rani, sai ta waya ya ji.

"Mu dai haka muke," in ji wani dattijo. "Tambaye ni kuɗin tiyar hatsi a Matankari in faɗa maka yanzu. Bijimina ya ƙi harawa yini guda, na sani. Amma yaro ya yi sati yana zawo, sai mu ce sha'anin mata ne."

Gaskiya Baba ya faɗa. A Arewa mace ba ta fita awo sai da izinin maigida, kuɗin amalanke ko kabu-kabu a aljihunsa suke, rumbu ma shi ke buɗewa. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, amma kyautar ba ta ɗauko yaro daga ƙauyukan Tibiri ta kai shi likita. Uba ke yin wannan.

Shi ya sa nake son makarantar mazaje, wadda aka fara a Damagaram a 2008 da tallafin hukumar UNFPA. Ba allo ba benci, magidanta ne ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, sannan su bi 'yan'uwansu maza da magana. Nan ma ƙungiyar Pathfinder ta zauna da mazan ƙananan amare a Dogon Dutse, Loga da Dosso.

A fadar tamu, wani matashi, mai ɗan fari, ya zaro siririn ma'aunin tamowa mai kore da rawaya da ja daga aljihu. Kunya ba ta barinsa kiran sunan yaron gaban manya, amma duk Juma'a yana naɗa masa shi a dantse. In ya nuna ja, ƙasa da milimita 115 ke nan, ba a kwana gida.

"Baba, ni ma bayan girbi zan tafi," ya ce. "Amma na bar wa uwarsa jikka 5 daban, na kuma gaya mata a gaban tsohuwata: in jikinsa ya yi zafi, kar ta jira wayata."

Dattijon ya miƙa hannu, ya ce a nuna masa yadda ake naɗawa.