Shanya a Ɗakin Baƙi

Maiɗakina ta haihu a tsakiyar Janairu. Ana jibi suna na leƙa bayan ƙofa na tarar wanki ya kai mini ƙugu: yunifom ɗin yara, zannuwan gado, tsummokin jariri, farar shaddar da zan sa in karɓi baƙi, da wasu ƙananan kayana da ba a ambata a gaban mutane. Mai wanki da guga na unguwarmu ya rufe shago ya koma fadama ban-ruwan albasa, don a ƙasar Gwandu da Aliero in rani ya kama, albasa ta fi wankin kowa kawo kuɗi. Gwaggon da ta zo wankan jego kuwa nata aikin ya ishe ta, tana tsakanin itace da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya da kunun kanwa. Sai na naɗe hannun riga bayan Isha'i, na wanke komai a bayan ɗaki da ruwan da ke yanka yatsu.

Wankin ba shi ne labari ba. Shanyar ce.

Wanda ya san garinmu Masama a wannan wata ya san iskar hunturu busasshiya ce ƙarau. Ka shanya zane a tsakar gida, kafin ka gama cin tuwo ya bushe. Sai dai farar shadda mai bula da sitaci in ta kwana a waje, da safe launin ƙasar gona za ka ɗauko, don makon nan hazon ya yi kaurin da rana ke fitowa fara fat, ka kalle ta ido da ido. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa gwaggo. Akwai kuma wanda ban faɗa ba. Katangarmu gajera ce, kuma magidancin da aka hango yana shanya wandunan yara, kafin La'asar an raɗa masa mijin-ta-ce a majalisa, sunan da ba ya fita ko da omo.

Don haka na kwashe komai na kai ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Na toshe taga da buhu, na ja igiyoyi daga sandunan tagar, na tara bakinsu duka na ɗaure a jikin wata ƙusa guda da ke bangon gabas, wadda agogo ya daɗe a kanta. Na rufe ƙofa na je na kwanta ina yaba wa kaina.

Da na dawo daga Asuba na buɗe ɗakin, ko hankici bai bushe ba. Ruwan da ya fita daga kayan bai sami hanyar waje ba, ya hau ya tarar da kwano ya yi sanyin dare, ya taru a jikinsa, yana ɗigowa kan kayan da ya baro. Ɗakin na warin rijiya. Ina tsaye ina kallon wannan ikon Allah sai na ji tari a bayana.

Maƙwabcina ne, dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda rediyo ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ya leƙo, ya bi igiyoyin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wandunan yara ya daɗe.

"Mi kaka yi nan ciki, Malam?"

Na ce ƙura nake gudu, Baba.

"Ƙura?" Ya rage muryar rediyo ya zauna a bakin ƙofa, alamar ba yanzu zai tafi ba. "Ka san daga ina ƙurar ga taka zowa?"

Ya ce daga Chadi take, daga wani kwari da ake kira Bodele, can wajen Faya-Largeau, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, ta bi ta Nijar ta zubo mana. Wadda ta wuce mu kuma ba ta tsayawa sai ta tsallake tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon na Brazil, ta zama taki ga itatuwa. Duk wannan gaskiya ne, na sani. Abin da ya gina a kai shi ne nasa.

"To ka gani. Abin da mutanen Brazil ka samu kyauta su gode Allah, shi kaka toshe ma taga da buhu. Taki na, Malam. Ai sai ka bari shi hau rigar."

Na ce ba shuka zan yi a jikin rigar ba.

Bai ji ba. Ya ce a Ingila inji gare su, a zuba jiƙaƙƙen kaya a rufe, su fito da zafinsu. Na tambaye shi ko akwai irinsa a Birnin Kebbi in ruga. Ya ce ko akwai, ina wutar? Ya ce a Makka kuwa kafin ka sa wa riga maƙali na biyu ta bushe. Ya ce in da shi ne, tun shekaranjiya zai yi wankin. Wannan shawarar ta fi kowace yi masa daɗi, sai da ya maimaita ta. Daga nan ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙusar da yatsa, ya ce kada in ji komai game da ita, a gabansa aka kafa ta, shekarar da Babangida ya yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, 1991, kuma ƙusar da ba irin ta yanzu ba ce.

A ƙarshe ya ce a kawo kasko. Na kawo garwashi na ajiye a tsakiyar ɗaki, amma na bar ƙofa a buɗe, don gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta jin ɗumi ya wuce daga barci. Buɗe ƙofar ya sa ƙurar da na gudu ta shigo abinta. Kaya suka fara tururi. Muna cikin haka aka yi sallama a zaure.

Muryar surukina ce.

Gobe muke sa ran su. Ashe sun yanke shawarar tasowa daga Kalgo da sassafe, su ga jariri, su wuce Gwandu ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, su dawo su kwana. Shi ne da ƙaninsa da limamin unguwarsu. Kuma gidana ɗakin baƙi ɗaya gare shi. Kafin in buɗe baki maƙwabcina ya riga ya ce, "Bismillah, ku shigo, akwai wuta."

Suka sunkuya suka shigo ta ƙarƙashin zanen gado. Ba wanda ya ɗaga kai. Dattawan kirki ne, suka zauna a kan darduma suka mai da ido ƙasa, ɗaki cike da shanya amma ba wanda ya ga komai. Surukina ya sha farar babbar riga da rawani sabon naɗi. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa muka shiga gaisuwa.

"Kun zo lahiya, Baba?"

"Lahiya lau."

"Ya sanyi?"

"Lokacinai na."

Ɗigon farko ya sauka a kan rawanin daidai nan. Ɗis. Bai motsa ba.

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku. An samu ƙaruwa."

Ɗis.

A nan ne maƙwabcina ya ga ya kamata ya taimaka. Ya ce igiyar ta yi ƙasa da yawa, bari ya ɗan tokare ta. Ya ɗauko sandar da nake kare ƙofa da ita, ya sa a ƙarƙashin igiyar tsakiya, ya tura sama da ƙarfin mutumin da ya shekara yana canza tayar tirela.

Ƙusar 1991 ta fito da ɓawon siminti a jikinta.

Na sha maimaita abin da ya biyo baya a raina, kuma kullum a hankali yake zuwa. Igiyoyin suka saki tare, tunda uwarsu ɗaya. Zanen gado ya faɗa kan kasko, ya yi cuuu, toka da tururi suka tashi. Yunifom suka rufe ƙanin surukina har wuya. Tsumman jariri ya sauka a kafaɗar liman. Farar shaddata ta kwanta a cikin toka. Ni kuma ina durƙushe, bakina a buɗe kan kalmar "madalla" da ban ƙarasa ba, ina kallon wani abu ruwan toka yana juyawa a iska, ya buɗe, ya sauka daram a kan rawanin surukina. Ƙafa ɗaya ta sauko ta kunnen dama, ɗaya ta kunnen hagu, kamar kunnuwan tunkiyar Balami.

Gajeren wandona ne na barci.

Da wando ne kawai, da na ce ƙaddara. Amma wannan wandon yana da tarihi. Shekarar da surukina ya sauke farali ya kawo mini tsarabar jallabiya ruwan toka, mai aikin zare ruwan zinari a bakin aljihun ƙirji. Garwashin dutsen guga ya faɗo ya ƙone gabanta tun tana sabuwa. Tela ya duba ya ce abin da ya rage sai dai gajeren wando, kuma don kada a yi asarar aikin zaren, ya mai da aljihun baya, daidai wurin zama. Duk lokacin da surukina ya tambaye ni rigar, sai in ce tana cikin akwati, sai babbar rana.

Aljihun nan shi ne ya sauko masa a goshi. Zaren zinarin yana tsakanin girarsa, ruwa na bin gefen hancinsa yana shiga gemu.

Ba wanda ya yi numfashi. Rediyon maƙwabcina kaɗai ke magana ƙasa-ƙasa. Na fara lissafi. In tashi in cire? Wane ni in kai hannu kan surukina, mutumin da ko sunansa ban taɓa furtawa ba? In ce wa ƙaninsa ya cire? Yana can yana neman hanyar fita daga yunifom. In gudu? Ni ne a bakin ƙofa, hanya a buɗe take, kuma wallahi na duba ta. Shi ma surukin ba zai cire ba, don cirewa na nufin ya yarda akwai abin cirewa. Saboda haka ya yi abin da ban taɓa zaton ɗan Adam zai iya ba. Ya ci gaba da gaisuwa.

"Ya mai jego?" in ji shi, daga ƙarƙashin wandona.

"Da sauƙi, Baba."

"Ya kwanan baƙon?"

"Lafiya lau, Baba."

"Allah shi raya."

"Amin, Baba."

Liman ya ɗaga tsumman daga kafaɗarsa da yatsa biyu, ya nisanta shi da jikinsa, ya tambaye ni cikin natsuwa ko an ɗauraye. Na ce an ɗauraye, Allah gafarta Malam. Maƙwabcina ya ce amma fa an sa bula, kuma ruwan da launinsa ya canza ba a alwala da shi. Liman ya ce ba alwala ake magana ba, maganar ko ya ɓata riga ake. Nan suka shiga Ahalari da Ishmawi, wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo nasa, surukina na zaune tsakaninsu da wando a ka. Da maƙwabcin ya juyo ya lura da shi, sai ya ɗaga hannu ya ce:

"Alhaji, kak ka taɓa shi tukuna. Bari shi tsane. In ka jaye shi da ruwa, rawanin zai ɓaci."

Ya kuma ƙara da cewa tun farko shi bai yarda da ƙusar nan ba.

Sai a lokacin surukina ya kai hannu a hankali ya sauke wandon. Na yi fatan ya ajiye shi gefe. Bai ajiye ba. Ya riƙe shi da hannu biyu a gabansa, ya juya gaba, ya juya baya, ya kai babban yatsa ya shafa aikin zaren, ya bi shi tun daga wannan baki har wancan. Ya daɗe yana shafawa. Ban san fuskata ta iya zafi haka a cikin hunturu ba. Sannan ya ninke shi sau biyu, ninki mai kyau irin na masu guga, ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu ina durƙushe.

"Ashe babbar ranar ta zo," ya ce.

Ƙaninsa ya fita da sauri yana tari. Har zaure ina jin tarin, kuma ba tari ba ne. Daga cikin gida na jiyo gwaggo tana tambayar me ya ƙone, maiɗakina kuma, da labari ya isa gare ta, ta yi dariyar da sai da gwaggo ta tsawata mata saboda ɗanyen jiki.

Da rigar aro na karɓi baƙin suna. Maƙwabcina ne ya ara mini, ta tsaya mini a ƙwauri, kuma duk wanda ya zo cin nama sai da ya ja shi gefe ya ba shi labarin, tare da bayanin Brazil.

Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya kawo mini ƙulli daga Kalgo. A ciki akwai igiya sabuwa, da ƙusoshi 'yan inci shida, da jallabiya a cikin ledarta. Na tambayi yaron ko an ba shi saƙo. Ya ce Alhaji ya ce a faɗa mini, wagga a bar ta riga.