Madalla da Masu Bita, Hamada Na Gaishe Ku

Duk wanda ya ce ƙungiyoyin kare muhalli ba sa aiki a ƙasar nan, to bai leƙa manyan otal-otal na Abuja da Kano da Kaduna ba. Aiki ake yi ba ji ba gani. Wannan mako horo ne kan dabarun shugabanci, mako mai zuwa bita kan tafiyar da ma'aikata, na gaba kuma taron ƙara wa juna sani kan yadda za a tsara bitar da ke tafe. Bayin Allah nan sun sha horo har sun ƙoshi, wasunsu bangon ofis ya kasa ɗaukar satifiket ɗinsu. Sun cancanci yabo, kuma tun da babu wanda ya ɗauki nauyin yabon, ni na ɗauka.

A fara da zaɓen wuri, don a nan hikimar take. Mai gajeren tunani zai ce a kai horon Yusufari ta jihar Yobe, inda tudun rairayi ke tafiya yana cin gona da kwarin dabino, ko wani ƙauye a arewacin Sakkwato da rijiyarsa ta ƙafe. Allah ya kiyaye! Ta yaya mutum zai koyi jagorancin yaƙi da kwararowar hamada ƙura tana shiga masa ido? Hamada a majigi ake fahimtarta. A can take fitowa tsaf da launinta mai kyau, babu zafi babu ƙishirwa, na'urar sanyaya ɗaki tana busawa, janareto yana ruri a bayan gini yana shan gas domin a ji daɗin tattauna hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Wanda bai taɓa shiga zauren ba ya yi asarar kallo. Tun daga ƙofa ake miƙa maka jaka mai tambari, da biro, da ɗan littafi, da riga da hular hana-sallah. Sai masani ya miƙe, wanda aka ɗauko a jirgi, ya raba mahalarta rukuni-rukuni, ya ba kowa 'yan takardu masu launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, a rubuta matsalolin muhalli a manna a bango. Kafin azahar bangon ya cika fal: sare itatuwa, gawayi, zaizayar ƙasa, ambaliya, leda. Da la'asar kuma sai a manna maganinsu a ɗaya bangon. Ka ga an gama da matsalar ke nan a yini guda, abin da ya gagari kaka da kakanni. Idan barci ya fara ɗaukar jama'a bayan shinkafa da kaza, sai a ce kowa ya tashi a yi tafi na musamman, uku a dama uku a hagu, manya da furfurarsu suna yi suna dariya. Da yamma mai shara zai zo ya kwashe takardun bangon tare da tulin gorunan ruwa na roba, ya kai su bola, daga can iska ta kai su kwata, damina ta zo kwatar ta toshe. Ko wannan ma alheri ne, don an samu darasin bita ta gaba.

Akwai kuma takardar halarta, wadda ita ce zuciyar taron. Ban taɓa ganin abin da ke haɗa kan masu kishin muhalli kamar layin sa hannu na ranar ƙarshe ba, lokacin da ake biyan kuɗin mota da alawus na kwana. Wanda bai ce uffan ba tun ranar farko, a nan za ka ji muryarsa, yana tambaya ko an lissafa daren da ya iso. Wannan shi ne jagoranci a aikace: ka san haƙƙinka, ka tsaya a kansa.

Sai a jinjina musu kan harshe. Da Turanci ake komai, kuma Turancin ma na musamman, wanda ko Baturen Ingila sai an yi masa bita kafin ya gane. Daidai ne. Da an yi da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, da sarkin noma ya fahimci abin da ake faɗa, da ya ɗaga hannu ya tambaya wa zai riƙa ba dashen ruwa daga watan Nuwamba zuwa faɗuwar damina, kuma irin wannan tambaya tana ɓata tsarin taro. An kare mu daga wannan.

Haka nan an yi adalci wajen zaɓen masu zuwa. Shugaban ƙungiya ne ke zuwa, ko mataimakinsa, ko ɗan'uwan matarsa da ke riƙe da asusu. Shi kuwa yaron da ke fili, wanda ke hawa tsohon babur yana zaga ƙauyuka, wanda ya san wace gona ce ake rikici a kanta, wace mata ce in ta yi magana matan gari za su fito, wane makiyayi ne za a roƙa ya kau da dabbobinsa daga wurin dashe, shi ba ya buƙatar horo. Ai aiki kawai yake yi. Idan ya yi wata uku babu albashi, ko ya zuba mai a babur da kuɗin aljihunsa, sai ya yi haƙuri, yallaɓai yana Abuja yana koyon yadda ake ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa.

Darussan kansu kuwa sai sambarka. Ana koyar da yadda ake rubuta takardar neman tallafi da za ta taɓa zuciyar mai ba da kuɗi a Turai, da yadda ake cika jadawali, da yadda ake ɗaukar hoto yadda tambarin mai tallafi zai fito sosai. Mun ga amfanin ilimin a ranar dashen itatuwa. Ana kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo dashe a cikin baƙar leda. Babban baƙo ya naɗe hannun babbar riga, ya sunkuya ya sa guda ɗaya a ramin da wani ya haƙa tun da asuba, a miƙa masa butar ban-ruwa sabuwa fil, kyamara ta haska, a tafa. Motoci na tashi, awaki na isowa. Babu shinge, babu mai gadi, babu wanda aka ce wannan itacen naka ne. Amma a rahoto itacen yana nan da ransa, kuma a nan zai ci gaba da girma, domin itacen rahoto ba ya jin fari kuma akuya ba ta cin sa.

Masu ƙorafi suna son kawo lissafi. Suna cewa Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Korayen Itatuwa tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kusan 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Suna cewa Najeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. Sannan su ce rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta kusan miliyan 4 kawai aka farfaɗo a yankin katangar, wato kashi 4 cikin 100. To, sai me? Akwai rashin tsaro, akwai jinkirin kuɗi, kowa ya sani. Amma me ya sa ba sa ƙirga waɗanda aka horar? Da za a jera duk mai satifiket na shugabanci kafaɗa da kafaɗa daga Kebbi zuwa Borno, ai da katangar ta tsaya da ƙafarta.

Waɗanda nake tausaya wa su ne manoman Maradi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970, gonakinsu sun zama fili fetal. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a share tohon duka, sai a bar 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Gawo ya dawo gona, yana zubar da ganye da damina gero ya samu rana da taki, da rani kuma dabbobi su samu inuwa da abinci. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ƙauyuka suka kafa dokokinsu na hana satar itace, hukuma ta sassauta har manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Kaico! Duk wannan aiki babu jaka mai tambari, babu hoton rufe taro. Da sun samu horon shugabanci irin namu, da yanzu suna da kyakkyawan tsari na shekara biyar a rubuce, ko da babu itatuwan.

Haka mutanen fadamar Haɗeja da Nguru. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, ta cinye wuraren kamun kifi da gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki. Masunta da manoma kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje suna yanke ta. Wanda ya iya tara magidanta su yi wannan wahala ba tare da ya ba su ko sisi ba, ai bai san komai game da jagoranci ba. A turo shi otal a koya masa.

Gatsen ya isa haka, don abin yana ci mini rai. Ƙungiyoyin nan suna buƙatar horo da gaske. Da yawansu suna mutuwa da zarar wanda ya kafa su ya gaji, saboda babu magaji, babu littafin kuɗi mai tsabta, babu wanda ya isa ya tambayi shugaba. A cikinsu akwai matasa maza da mata masu kishi, waɗanda suka bar aikin da ya fi kuɗi domin wannan, kuma su ne ake bari a baya. Ku masu ba da tallafi da ku shugabannin ƙungiyoyi, don Allah ku kai horon inda aikin yake, a yi shi da harshen mutanen wurin, ma'aikacin fili ya zauna a gaba, a gayyato manomin Maradi da sarkin ruwan Nguru su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan masanin da ya zo a jirgi. Kuɗin otal na kwana uku kuma a sayi waya a kewaye dashe, a biya mai ban-ruwa har damina ta sauka. Kafin ku sa hannu a kan kuɗin bita ta gaba, ku aika wani ya je ya ƙirgo itatuwan bara da suka rayu.